Haƙorin Burgu da Fatakar Ɗan Halas

A wani daji da ya cinye wata tsohuwar kasuwa bayan mutane sun tashi sun bar ta, dabbobi suka ɗauko wata sha'awa ta tara tsofaffin kwabbai. Ruwan sama ne ke tono musu su daga ƙasa, anini da kwabo mai huda da sisi da sule, kuɗin da waɗanda suka buga su ma sun manta da su. Ba a cin su, ba a shimfiɗa su a kwanta, ko ciwon kai ba sa magani. Amma a dajin nan wanda ba shi da ko anini guda rataye a bangon raminsa, in ana hira sai dai ya yi ta gyaɗa kai.

Duk cikin masu harkar babu kamar Nomau, wani burgu da gashin bakinsa ya fara fari. Haƙorinsa shi ne ma'aunin dajin. In aka kawo masa kwabo sai ya shinshina, ya lumshe ido, ya ɗan gatsa, sannan ya yanke hukunci, kuma daga nan babu ɗaukaka ƙara. Dukiyarsa ba ta taka kara ta karya ba, 'ya'ya kuma Allah bai ba shi ba. Abin da yake da shi a duniya magana ɗaya ce, wadda yake faɗa a wurin suna da wurin biki, har da wurin zaman makoki in ya sami fili: "Ni Nomau, tun da uwata ta haife ni ba a taɓa cutata ba."

Wadda ta fi kowa yarda da wannan magana ita ce maƙwabciyarsa Ladingo, wata bushiya da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Ko maɓalli ta tsinta sai ta kawo masa ya gatsa. Shi kuwa yana jin daɗin haka, don yana ƙaunarta kamar ƙanwar da suka fito ciki ɗaya.

Ana nan sai dangin gizo-gizo suka saƙa yana daga bishiya zuwa bishiya, suka buɗe gwanjo a kanta. Mai sayarwa yana can inda yake, sai ya aiko da siffar kwabonsa a saƙa ta a jikin yanar. Mai so ya ja zare ya yi tayi. Wanda tayinsa ya fi, Shamuwa ta kawo masa kayansa a ƙulle cikin ganye, ya auna gyaɗa ya ba ta ta kai wa mai kaya. Ba ka ga mai kaya ba, ba ka taɓa kaya ba, ballantana ka gatsa.

Saboda haka aka kafa Majalisar Amana, aka ɗora Ranau kunkuru a kanta, don an ce ba ya gaggawa. Majalisar ta yanke cewa duk wanda ya yi sayayya ya gamsu, ya je wurin Balbela ya ciri farin gashi guda ya rataya ƙarƙashin sunan mai sayarwa. Wanda aka cuta kuwa ya ciri baƙi a jikin Hankaka. Kafin damina ta zagayo Balbela ta koma kamar kazar da aka fige rabi aka fasa yankawa. Hankaka kuwa, a duk dajin babu mai cikar gashi da sheƙi kamarsa, kuma dabbobi suka ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa gaskiya ta yi yawa a ƙasa.

Nomau ya daɗe yana raina gwanjon. Abin da ya karya shi fataka ce, azurfar nan mai darajar sule biyu. Ita kaɗai ce babu a bangonsa, ya ma bar mata gurbi a tsakiya. Wata safiya ya ɗaga kai ya gan ta a saƙe a yana, zagayayya, tana ɗaukar ido. Mai sayarwar ana ce masa Ɗan Halas. Ba wanda ya taɓa ganinsa, ba wanda ya san ko mai tashi ne ko mai jan ciki, amma fararen gashin da ke ƙarƙashin sunansa sun yi yawan da har zaren ya lanƙwasa.

"Yaya Nomau, abin da ba ka gatsa ba za ka saya?" Ladingo ta tambaye shi.

"Ƙanwata, dubi gashin nan. Duk waɗannan bayin Allah wawaye ne? Kuma ni ko daga hoto nakan gane azurfa."

Ya ja zare. Wani da ba a gani ya ɗara shi. Ya ƙara, wancan ya ƙara. Abin mamaki, duk lokacin da Nomau ya tsaya jan numfashi shi ma wancan sai ya tsaya, da ya motsa sai ya motsa, kamar wanda ke zaune cikin rumbunsa yana ganin abin da ya rage. Dabbobi suka taru suna kallo, wannan kuwa shi ya hana Nomau janyewa. Daidai lokacin da tayi ya kai gindin rumbu, abokin takarar ya saki zare. Aka yi ta yi wa Nomau barka.

Da Shamuwa ta kawo ƙullin, sai ya shige can ƙuryar rami shi kaɗai. Ya shinshina, bai so abin da ya ji ba. Ya lumshe ido ya gatsa. Haƙorin ya nutse kamar a dafaffen rogo. Dalma ce, an goge ta da toka. Ya zauna yana kallon gurbin haƙorinsa a jikinta, zuciyarsa na tafasa, kunya kuma ta fi fushin yawa.

Ya fara zuwa wurin Jatau zomo, wanda gashinsa ne na farko a zaren Ɗan Halas.

"Jatau, sulen da ka saya a wurin mutumin nan, ɗauko in gani."

Kunnuwan Jatau suka kwanta. "Ai Malam, yana wurin ajiya mai nisa."

"Tsakaninka da Allah, na gaske ne?"

Jatau ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Malam, ina da niyyar sayar da shi baɗi. Wa zai taya sulen da ya fito daga hannun mai baƙin gashi? Muddin sunan Ɗan Halas na da kyau, sulena na da kyau. Me ya sa kake tambaya, ko wani abu ya faru da fatakar?"

"Babu komai," in ji Nomau da sauri. "Nazari nake yi."

Ya zaga wurin wasu. Wannan ya ce nasa yana wurin surukinsa, wancan ya ce matarsa ta fita da mabuɗi. Duk wanda ya tambaya sai ya kalle shi da wani irin tausayi na 'yan uwantaka, wanda ya fi zagi ciwo.

Daga nan ya wuce gindin tsamiyar da majalisa ke zama. Ya tarar da Ranau kunkuru shi kaɗai, Hankaka na bisa reshe yana gyaran jiki. Ya gaishe shi ya ce, "Ranka ya daɗe, wani aminina ne aka sayar wa dalma da sunan azurfa. Yana so ya rataya baƙin gashi."

Ranau ya fito da kansa a hankali, ya dube shi har sai da Nomau ya sunkuyar da nasa.

"Malam Nomau, wannan majalisa tana tare da amininka cikin wannan jarrabawa. Ƙofarmu a buɗe take, ga Hankaka nan, tun da aka kafa mu yake jiran mai cira. Sai dai ka tuna masa da sharaɗi. Wanda zai rataya baƙin gashi, sai ya rataya jabun kwabon a wuyansa, ya zaga kasuwa ranar da ta cika, yana faɗin sunansa da yadda aka yi aka cuce shi, don na baya su ɗauki darasi. Ina jin ba ka manta ba, don kai ka kawo shawarar. Ka ce a lokacin, wanda aka cuta rabin laifin nasa ne, kuma bai kamata sakarai ya ɓata sunan ɗan kasuwa a ɓoye ba. An tafa maka sosai. Ni kaina na ce ban taɓa jin magana mai ma'ana irinta ba. Kuma ka ga albarkarta, tun daga ranar ba a cuci kowa ba a dajin nan."

"To shi Ɗan Halas ɗin fa, ranka ya daɗe? Ba za a nemo shi ba?"

"A kan wane dalili? Mutumin da bai da baƙin gashi ko ɗaya? Mu da shaida muke aiki." Ranau ya fara mayar da kansa ciki, sai ya tsaya. "Af, kai ma an ce ka yi sayayya a wurinsa. Ba mu ga naka gashin ba tukuna. Jama'a na jira, ka san kai ne haƙorin dajin."

Nomau ya ɗaga kai ya dubi Hankaka. Ga gashin nan baƙi ƙirin, miƙa hannu kawai zai yi. Sai ya hango kansa a tsakiyar kasuwa da dalma a wuya, 'yan ɓeraye na binsa suna maimaita masa maganar nan tasa ta wurin suna da biki. Ya yi sallama ya tafi. A hanya ya biya wurin Balbela, wadda ta juya masa ɗan abin da ya rage a bayanta, ya ciri fari guda ya je ya rataya wa Ɗan Halas.

Ya gaya wa kansa gashi ɗaya ne cikin tuli, ba zai ƙara komai ba. Ya maƙala fatakar a gurbinta, ya juya wajen da haƙori ya taɓa ya fuskanci bango. Masu zuwa kallo suka yi ta santi, shi kuwa yana karɓar barka da rumbu wayam. Gizo-gizo ma suka girmama shi, suka ɗaga gashinsa sama da na kowa, suka saƙa a gefe cewa wannan na Nomau ne.

Ba a jima ba, wata ranar kasuwa da hantsi, sai ga Ladingo ta shigo da ƙullin ganye a ƙirji, fuskarta cike da fara'a, 'ya'yanta na biye.

"Yaya, nima na shiga sahun manya. Sisi ne, na azurfa, daga wurin Ɗan Halas. An ce baɗi kuɗinsa zai ninka, in sayar in yi wa yaran nan tanadi. Abincinmu na rani duka na bayar. Wallahi da farko tsoro nake ji, duk tulin gashin nan bai sa na yarda ba. Amma da na ga naka a sama, ban ƙara tambayar kowa ba." Ta kwance ganyen ta miƙa masa. "Gatsa mini, Yaya, don yaran su gani."

Tun kafin ya karɓa warin toka ya daki hancinsa. Ya dubi sisin, ya dubi yaran da suka zuba masa ido, ya dubi fatakar da ke bango. Kalma ɗaya ta isa. Kasuwa ba ta watse ba, Hankaka na kan reshensa, in suka rataya dalmarsu su biyu wataƙila a tare Shamuwa kafin ta kai gyaɗar. Ya buɗe baki, ya kai sisin kusa da haƙori. Sai ya dafe kunci.

"Ƙanwata, yau haƙorin ciwo yake mini. Ajiye shi wuri mai kyau, kada ki bari kowa ya taɓa."

Ta yi masa sannu, ta ce za ta aiko masa da kanumfari, ta tattara 'ya'yanta suka fita suna murna.

Masu magani daga dazuzzuka daban-daban sun duba bakin Nomau, kowa ya ce bai taɓa ganin lafiyayyun haƙora irin nasa ba. Har yau dai ciwon bai sake shi ba, kuma har yau ba a taɓa cutarsa ba.