Malama Hujja Ta Cika a Bakin Aiki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jikin da gajiya ta riga ta gama da shi, ni Rhoda Jonah, jami'ar lafiya a wani ƙaramin asibiti da ke bayan Gwada, nake sanar da rasuwar abokiyar aikina, kwamfutar hannun da muke kira Malama Hujja. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara bakwai.

Likita sau ɗaya yake leƙo mu a wata, in hanya ta yi kyau. Sauran kwanakin, a wajen ba da magani daga ni sai ita. A cikinta akwai manhajar da ke amsa tambayoyin magani ko babu sabis. Marigayiya ba ta san "an ce" ba. Duk amsar da ta bayar sai ta faɗi binciken da ta dogara da shi, har da shekararsa. Inda hujja ta yi rauni kuma ta faɗa ba kunya, halin da ban cika gani wurin masu rai ba.

Ita ta hana ni ba Mubina, matar mai facin taya, wani maganin da ba ya shiri da juna biyu. Ranar na duba mutum arba'in da ɗaya, idona har yana ganin bibbiyu, kuma na riga na ɗora biro a kan takarda. 'Yar da Mubina ta haifa ta shiga makaranta bana. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Ciwon ajali ya fara da kumburin batir. Daga nan ba ta iya zama sai da caja a jiki, tana "ƙiit, ƙiit" kamar mai neman ruwa. Sau uku ina ɗaukar ta daga gidana a Fadikpe zuwa Tudun Fulani, wurin Zikrullahi mai gyara. A na ukun ko kwance ta bai yi ba, kai kawai ya girgiza. Na rubuta wa manya takardar neman sabuwa. Takardar ma ina jin ta riga Malama rasuwa.

Ranar Talatar, Baba Ayuba, manomin doya mai fama da hawan jini, ya zo da ƙwayoyin da ya sayo a kasuwa, yana son sanin ko zai iya sha tare da namu. Na tambaye ta. Ta rubuta "Kada a haɗa shi da", ta yi "ƙiit" guda, fuskarta ta yi baƙi. Na kira likita sau shida, bai ɗauka ba. Na karɓe ƙwayoyin, na sa dattijon a motar Minna yana ta faɗa, don ya bar 'yan ƙwadago a gona. Can a babban asibiti suka ce gara da bai sha ba. Har yanzu ba ya amsa gaisuwata.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba, da wani tsohon littafin magunguna da gara ta cinye masa shafi sittin, da Charity ungozoma, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan allurar rigakafi. Za a sa ta a kwalin safar hannu, a kwantar da ita a sito, kusa da firjin da ya riga ta. Masu ta'aziyya don Allah kada a turo mini haɗin magani ta waya. Ba za a yi zaman makoki ba, domin benci cike yake da mutane, kuma ni kaɗai suke jira.