Mushe da Mai Tallar Magani

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara iyayen yara ina yi musu wa'azin zuwa likita, wato asibiti. Lokacin ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Maijirgi, damina ta kankama, zazzaɓi yana ta kayar da yara. Majo, shugabar ƙaramar likitar garin, ta roƙe ni in ja hankalin mutane, don sun fi yarda da ƙwayoyin masu talla a kan keke. Ta ce maganar mushe, wato malamin makaranta, tana da nauyi. Nan take kaina ya kumbura.

Aka taru a gindin dogon yaro. Na ci ado, na zuba jawabi har da Faransanci (ba wanda ya fahimta, amma ai an san na yi boko). Na ce duk mai sayen maganin da ya sha rana, da hannunsa yake haƙa kabarinsa. Dattawa na gyaɗa kai.

Ana cikin haka sai ga Ɗan Tasawa, mai tallar magani, ya jingine kekensa. Bawan Allah bai san zancen da ake yi ba. Ya ratso taro da fara'arsa, ya miƙo mini ƙunshi.

"Mushe, ga jan kafson naka na basir. Ai ba ni barin babban abokin cinikina ya rasa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gaskiyar magana, kunyar gaya wa Majo ciwona ce ta kai ni hannunsa, don mace ce.

Wata tsohuwa ta gyara zama ta ce, "To ɗana, jikokin namu wurin Majo za mu kai su, ko mu biyo ka?"

Aka kwashe da dariya, taro ya watse. A makon nan ko yaro ɗaya ba a kai likita ba, abin ya dame ni ƙwarai. Dole na ajiye girman kai, na je na bi layi a kan bencin likita, a fili, kowa na gani. Duk wanda ya gifta sai ya yi mini sannu da basir. Wasu matan kallona kawai ya kawo su, amma tunda sun zo da goyo, Majo ta duba yaran.

Tun daga nan na gane mutane ba sa bin bakin mai wa'azi, inda ƙafarsa ta nufa suke dubawa.