Yatsan Shugaba

Ƙungiyar masu tseren babur a daji ta dace da shugaba, wannan ko maƙiyi ya shaida. Mutum ne da ya san babur ciki da waje, domin shekara goma sha biyu yana sayar da kayan gyaransa. Nasa babur ɗin kuwa kullum yana kafe a ƙofar shago, tayoyinsa na sheƙi, ko ƙaya ba su taɓa takawa ba. Hular kwano yake sakawa ya zauna taro, saboda shugabanci ma hatsari ne. A gabansa ana ce masa Shugaba, in ya juya baya kuma Babban Kwano.

Bana aka ba ƙungiyar damar shirya tseren shekara, bisa sharaɗi guda. Ranar jajibirin tseren da azahar sufeto zai zaga hanyar, in ya tarar da kwanar hanya ko ɗaya babu alama, a miƙa tseren ga ƙungiyar ƙetaren rafi. Mako uku masu aikin sa kai suna saran ƙaya, suna cike ramuka da baro da shebur, suna jera tsofaffin tayoyi a bakin kwazazzabo. Shugaba ma bai zauna ba. Daga ƙarƙashin rumfa yake riƙe da lasifika yana ba da gudummawa.

"Jama'a, a ƙara himma! Gumin da muke zubarwa tarihi ba zai manta da shi ba!" Sai ya kurɓi ruwan sanyi ya goge baki.

Alamomin hanya aikin kafinta ne, wanda yake auren ƙanwar Shugaba, don haka ba shi da bakin musu. Ya yanka kibiyoyin katako arba'in ya shafa musu jan fenti, yana alfahari da su a ransa. Kibiya ba ta da wahala, in kwanar dama ce ka kafa ta haka, in ta hagu ce ka juya ta. Shugaba ya zo ya dube su ta cikin gilashin hularsa ya taɓe baki.

"Wannan ai aikin da ne. Baƙi za su zo, 'yan jarida za su zo. Direba yana cikin daji, zuciyarsa ta karye, me zai ƙarfafa masa gwiwa? Katako? Fuskar jagora yake bukata."

"Yaya, ai da an bar su ko don..."

"Kai da guduma aka san ka. Bar wa masu tunani tunani."

A ranar ya sa aka kwashe kibiyoyin aka kai wa mai shayi, suka dafa shayin kwana uku. Kafinta ya sha kofi ɗaya, ya ce har ƙamshin fentinsa yana ji, ransa kuwa ya ɓaci ƙwarai.

Ranar jajibiri da hantsi sababbin alamomin suka iso daga maɗaba'a. Hoton Shugaba ne har guda arba'in, da hula da murmushi, ya miƙe hannu yana nuni da yatsa. Hannun da agogon zinare yake shi ya miƙa, ai ba a ɓoye arziki. Aka yi tafi. Kafinta ya jera su a ƙasa, ya duba na farko, ya duba na ƙarshe. Duk arba'in ɗin dama suke nunawa. Hanyar tseren kuwa hagu take zagayawa, kwana tara ce kawai ta dama.

"Yaya, sauran talatin da ɗayan fa? In direba ya bi yatsanka a kwana ta huɗu, kwazazzabo zai faɗa."

Shugaba ya yi gyaran murya a lasifika, ko da yake kafintan na tsaye a gabansa. "Matsala ƙarama ce ga mai hangen nesa. A juya tseren! A fara daga ƙarshe!"

Mai faci, wanda ya fi kowa daɗewa a ƙungiyar, ya ce in an juya, gangaren dutsen nan zai zama hawa, kuma ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau shi. Aka ce a koma maɗaba'a, aka tarar sai jibi. Aka tuna da kibiyoyi, mai shayi ya nuna toka. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho. Shugaba ya duba agogon nan nasa, ya ce yana da ganawa ta gaggawa, ya shige mota ya ɗaga gilashi.

Kafinta ya tsaya da hoto a hannu. Ya tuna ƙanwar Shugaba da abin da zai tarar a gida. Ya kuma dubi hannayen mutane, duk sun yi kanta saboda adda da shebur. Sai ya yi wa hoton abin da ake yi wa kibiya. Ya juya shi, hula a ƙasa, takalmi a sama, yatsa ya koma hagu daram. Ya sa ƙusa ya buga. Nan take kowa ya ɗauki guduma, kuma ba a taɓa ganin masu aikin sa kai sun yi aiki da nishaɗi irin na ranar ba.

Da azahar sufeto ya hau babur ya zaga hanyar tsaf. Ya dawo da ƙura har gira, ya ce bai taɓa ganin alamomin da suka fi waɗannan jan ido ba, ya sa hannu a takarda. Mai faci ya tara direbobi ya yi musu bayani: in kun ga Shugaba a tsaye, dama, in kun gan shi ya kifa, hagu.

Jin an sa hannu, ganawar gaggawa ta ƙare. Shugaba ya fito daga mota ya gyara hula, ya nufi sufeto da hannu a miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni ne ƙwaƙwalwar wannan aiki. Na tabbata ka gane ni."

Sufeto ya ƙura masa ido bai gane ba. Sannan ya karkatar da kai a hankali, har kunnensa ya kusa taɓa kafaɗa.

"Au, kai ne! Yi haƙuri, ban saba ganinka a tsaye ba."