Rasuwar Shuɗiya, Motar Baba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya yi mata yawa, Auta tela yake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, da duk wanda hayaƙinta ya taɓa sa shi tari, cewa Shuɗiya, tsohuwar motar marigayi mahaifinsa, ta riga mu gidan gaskiya. Rai ya yi halinsa da hantsi a kan hawan bayan kasuwa, bayan gajeriyar jinya.

Marigayiya ba ta da sauri, wajen shan mai kuma ba ta da kunya, amma mai riƙon amana ce. Baba ya yi mata aiki iri-iri a zamaninsa. Ya sa mata babbar kafireta mai haɗa mai da iska, ya taɓa cikin injin, har alamar da kamfani ya yanka don saita wuta ta daina aiki a jikinta. Da kunne yake saita ta. Sai ya sassauta distiributa, wadda ke raba wa fulogai wuta, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma, yana murɗawa kaɗan-kaɗan har ta kama muryarta: dum-dum-taf, dum-dum-taf. Bai koya wa kowa ba, don Baba irin mutanen nan ne da ke ganin mutuwa ta wasu ce.

Wannan murya ce ta riƙe gidan bayansa. Inna, wadda tsufa ya fara kwashe wa tunani, ba ta taɓa yarda mijinta ya rasu ba. Kullum da yamma Auta kan zaga unguwa da motar ya dawo ƙofar gida. Da ta ji, sai ta gyara ɗankwali ta ce, "To, ya dawo, ku zubo min." Ranar da ba ta ji ba, ko ruwa sai an yi da gaske take kurɓa.

Ciwon ajali ya faro ne daga ɗan yoyon mai. Bakanike ya zare distiributa ya gyara, ya mayar da ita bisa alamar kamfani, yadda kowane mai hankali zai yi. Mota ta tashi lafiya lau, amma da muryar wata. Inna ta saurara ta ce, "Baƙo muka yi? A ba shi wuri." Ta ture kwanonta.

Nan Auta ya ajiye almakashi ya ɗauki sifana. Ya murɗa distiributa, ya leƙa tagar Inna, ya koma ya ƙara murɗawa, kullum yana tura wutar gaba, tsohuwa kuwa tana ramewa a idonsa. Ranar da ta sake cewa ya dawo, Auta ya ɗaure notin yana hawaye. A tsaye muryar ta yi kusa da ta da. A kan hanya kuwa, da ya taka totur sai ka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

Bakanike ya ce, "Wutar nan ta yi gaba da yawa, ka dawo da ita. Injin zai buga."

Auta ya ce, "Inna tana cin abinci."

Haka aka bar ta har ranar da fistin cikin injin ya huje a tsakiyar hawa. Auta ya kashe mota, ya zare makulli, amma marigayiya ba ta yi shiru ba. Makulli na tafin hannunsa, ita kuwa tana ta dum-dum-taf, daidai yadda Baba ya bar ta, kafin ta ja dogon numfashi ta tsaya. Bakanike ya ce zafin inji ne kawai ke sa haka. Auta bai musa ba, sai dai tun ranar yakan ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ya juya wajen ƙofa kamar ya ji muryarta, kuma tsoro yake ji.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu da safaya, da batir da bai gama more duniya ba, da kujerar direba wadda har yau take lotse daidai zaman Baba.

Za a ja gawar gobe da safe zuwa filin bayan gareji, ta lungun baya, inda za a lulluɓe ta da tamfol. Ana karɓar gaisuwa a shagon Auta, ban da gida. Wanda ya zama dole ya biyo ta layin gidan a mota, don Allah ya kashe inji tun daga kwana. Ba a gaya wa Inna ba. An ce mata Baba ya yi 'yar tafiya, ta ce ba komai, a rufe mata abincin, za ta jira shi su ci tare.