Yadda Za Ka Ɓoye wa Na'urar Leza Karkataccen Bangon Surukarka

Ka taɓa gina wa surukarka ɗaki da awon ido, bango ɗaya ya kama hanyar hagu? Yanzu 'ya'yanta za su gyara gidan, sun ɗauko wata injiniya da na'ura mai ƙafa uku, mai juyawa tana watsa hasken leza, tana auna kowane lungu tana zubawa a kwamfuta? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci mutuncinka zai fita ko ƙwarzane babu.

Na san abin da nake faɗa. Shekara ashirin da biyu surukata Hajiya tana nuna wa baƙi ɗakin da mijin 'yarta ya gina mata da hannunsa. Ni kuwa tela ne, da tef ɗin ɗinki na yi awon.

1. Raina na'urar tun a ƙofa

Kafin ta ɓata maka suna, ka riga ta. Zagaya ta sau biyu, ka taɓe baki ka ce, "Wannan abar ai zafi ma ruɗa ta yake yi." Masana sun tabbatar cewa duk wanda ya taɓe baki, ana zaton ya san wani abu.

2. Jawo kabad

Leza ba ta ganin bayan kaya. Tura kabad ɗin Hajiya ya rufe wurin da bangon ya fi sunkuyowa. Idan wani guntun katako ya faɗo daga bayansa, kada ka tsaya tambayar wa ya cusa shi. Shure shi ƙarƙashin gado.

Injiniya za ta ce, "Baba, don Allah a matsar mana da wannan." Matsar da shi. Kai ka jawo, kai za ka mayar, bayanka kuma ya shaida.

3. Rataya madubi

Madubi yana rikita na'urar, sai ta ɗauka akwai wani ɗaki a bayan bango. Ɗauko babba daga shagonka. Illarsa ɗaya ce: ƙanin matarka zai leƙa kwamfutar ya kwashe da dariya. "Yaya, ashe ɗaki biyu ka gina, ka ɓoye ɗaya? Wa ka ajiye a ciki?" Injiniya za ta yafa wa madubin zane ta sake awo.

4. Tare bangon da jikinka

Saura kai. Tsaya a gaban bangon, ka kafa waya a kunne kamar ana nemanka da gaggawa. Na'urar ba ta san kunya ba, za ta auna ka har da tumbi. A hoton gidan za ka fito tsaye ba fuska, bangon kuma yana leƙowa ta saman hularka.

5. Ranar nuna sakamako, zauna kusa da ƙofa

Za a tara kowa a falo, matarka na gefe. Gidan zai bayyana a allo, ana juya shi kamar kwano. Duk bangon da yake daidai kore ne. Naka ja wur.

Injiniya za ta ce, "Hajiya, wannan ya karkace da kusan taƙi guda. Ba zai faɗi ba, amma gara a rushe shi."

A nan za ka fara satar kallon ƙofa. Ba dariyar yaran kake tsoro ba, kunyar tsohuwar nan kake ji, wadda ta yi ta yabonka a kan ƙarya.

Hajiya ba za ta dube ka ba, ai ba ta taɓa yi ba. Za ta ce, "'Yar nan, sai da kika kawo inji kika gani? Tun ranar da na tare na gani. Ni na cusa katako a bayan kabad don ya daina rawa. Shekarar da babansu ya rasu, ɗakina ya rufta, kowa na cewa sai bayan damina. Surukin nan nawa shi ya rufe shago wata guda ya zo yana kwaɓa siminti. Ku rushe duk inda kuke so, wannan dai a bar mini shi yadda yake."

6. Babu mataki na shida

Ka ce wani abu ya faɗa maka a ido, ka fita.

Gargaɗi: Marubucin ba shi da hannu a ciwon baya, fasasshen madubi, ko hoton tumbinka da ƙanin matarka ya raba wa dangi. Wanda surukarsa ta ce a rushe, kada ya neme ni. Ina ƙarƙashin gadon Hajiya ina lalubo mata katakonta.