Akwatin Wuta Mai Nauyi

Amfanin gonata na shekara guda na sayar na haɗa kwamfutar buga wasannin gem, saura akwatin da zai ba ta wuta. A wani shago a Ɗambatta na riƙa ɗaga akwatunan kamar mai zaɓen kankana, na ɗauki wanda ya fi nauyi.

Abokina Sani ya ce, "Ka duba rubutun jikinsa mana."

Na ce, "Mu masana da hannu muke ganewa, mai nauyi shi ne mai inganci."

Ina kunnawa a gaban maƙwabta, sai tau! Kwamfutar ta ƙone. Da mai gyara ya kwance akwatin, sai ga curin siminti a ciki.

Har yau duk mai gini a ƙauyenmu sai ya leƙo ya ce, "Injiniya, da sauran bulo?"