Rasuwar Bushin Motar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ya wuce kuka ya koma shiru, ni Khalilu ɗan marigayi Malam Dallatu nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Bagwai da kewaye rasuwar bushin tsohuwar jif ɗin gidanmu, wato robobin nan da ke zaune tsakanin sifirin da jikin mota don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Sun cika ranar Laraba a garejin Kassimu makanike, bayan doguwar jinya.

Marigayan ba 'yan kanti ba ne. A shekarar da kayan gyara suka fi ƙarfin talaka, Baba ya samo tsohuwar tayar tarakta, ya zauna a zaure da wuƙar dukanci, ya yanka su da hannunsa. Tun daga nan ba su taɓa yin yaji ba. Sun kai taki gona, sun bi burtalin da jaki ma sai ya tsaya shawara, sun kai masu naƙuda asibiti cikin taɓon damina. Aibinsu guda ne, ba su iya shiru ba. Ƙiiƙ-ƙurus, ƙiiƙ-ƙurus, tun daga gangaren rafi duk unguwa ta san mun taso.

Da wannan kukan Inna, wadda idonta ya dushe, take sanin Baba ya dawo. Bayan rasuwarsa ma ba ta daina ba. Ni na ci gaba da jigila da motar, kuma kullum na shigo sai in tarar da buta cike da ruwa da kwanon fura a inda yake zama. Ba ta taɓa cewa na wane ne ba, ni ma ban tambaya ba. Shanyewa kawai nake yi.

Ciwon ajali ya fara da rangaji. Sitiyari ya daina jin magana. Ranar kasuwa, da mutane da kwandunan tumatir a baya, mota ta zame har sai da ta leƙa rami. Da na kai ta gareji, Kassimu ya shiga ƙarƙashinta, ya fito da su a tafin hannu, sun marmashe kamar tsohon ƙuli-ƙuli.

"Khalilu," in ji shi, "waɗannan ai sun riga Malam tafiya, sutura ce kawai ba a yi musu ba."

Ya buga sababbi. Mota ta dawo gida sumul, tana sanɗa kamar ɓarauniya. Na tarar da Inna zaune, kunnenta na bakin ƙofa, buta a bushe.

Ta ce, "Kai ne? Ban ji shi ba."

Na ce gyara aka yi.

Ta ce, "To, madalla."

Tun ranar ba ta sake dama fura ba. Tana zaune dai, tana saurare.

Marigayan sun bar sifirin da suka tsufa tare, da shokabzoba masu sauran numfashi, da wani noti da ba a taɓa sanin aikinsa ba. Sun kuma bar ni, mai yawan karance-karance a kan rabuwa, wanda babu littafin da ya gaya masa guntun roba zai iya sa mace takaba karo na biyu.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a gindin durumin ƙofar gida. Babu salla, babu sadakar uku. Masu ta'aziyya su gaishe da Inna a hankali.

Sai dai an sami sauyi. Ɗazu na koma gareji karɓo gawa, na tsaya tsakiyar jama'a na ɗaga murya:

"Malam Kassimu, ba duka za a binne ba. Zaɓo mai sauran rai a cikinsu, ka ɗaure shi a jikin motar inda ba zai kashe kowa ba, amma zai yi kuka. Motar nan za ta ci gaba da yi wa Inna sallama."